Kujerar Bloemfontein: Shugabanni Shida Tsakanin Koguna Biyu

Mun saba jin sunan Bloemfontein a labaran Afirka ta Kudu ta fuska biyu: garin da Kotun Ƙoli ta Ɗaukaka Ƙara take zama, da garin da aka kafa ƙungiyar da ta zama jam'iyyar ANC a 1912. Abin da ba mu cika tunawa ba shi ne, garin ya yi shekara 46 yana fadar wata ƙasa mai cin gashin kanta, da tutarta da majalisarta da shugabanta. Ita ce Jamhuriyar Orange Free State, wadda Turawan Boer suka kafa a shimfiɗaɗɗen filin da ke tsakanin kogin Orange ta kudu da kogin Vaal ta arewa. Mutum shida ne suka hau kujerar shugabancinta daga 1854 zuwa 1902. Waɗanda suka sassaƙa kujerar sun ɗaure ta hannu da ƙafa da gangan, don ba su yarda da mai mulki ba ko da nasu ne. Amma maƙwabta uku, Basotho ta gabas, Ingilishi ta kudu, da 'yan uwansu Boer na Transvaal ta arewa, su suka yi ta ƙara mata nauyi, har ya zama duk wanda ya hau ta, da yadda ya zauna da waɗannan ukun ake auna shi.

Sai mu koma baya kaɗan. Tun wajen 1836 ayarin Boer suka fara ƙetare kogin Orange da amalanken shanu, suna gudun mulkin Birtaniya a Cape, musamman bayan ta 'yanta bayi. Ba daji suka tarar ba. Sarki Moshoeshoe yana kan dutsen Thaba Bosiu yana tattara al'ummar Basotho, Barolong suna Thaba Nchu, Griqua suna Philippolis ƙarƙashin Adam Kok. A 1848 gwamnan Cape, Sir Harry Smith, ya yi shelar cewa yankin duka ya shiga hannun Sarauniya, ya kuma fatattaki Andries Pretorius a Boomplaats da ya zo musu. Sai dai riƙon bai yi wa Landan daɗi ba. Basotho sun ba sojojinta kashi a Viervoet a 1851, sun kuma hana Janar Cathcart sakat a Berea a ƙarshen 1852. Masu lissafin baitulmali suka duba, suka ga ƙasa ce ta tumaki da ciyawa, kuɗi take ci ba ta kawo komai. Aka turo Sir George Clerk ya zo ya sauke kayan.

A nan labarin ya ɗan ba da dariya, domin da yawa daga mazauna yankin ba sa son 'yancin da ake tura musu. 'Yan kasuwar Bloemfontein, akasarinsu masu jin Ingilishi, suka yi ta kuka, har suka tura wakilai Landan, ciki har da matashin limamin coci Andrew Murray, su roƙi kada a janye. Clerk ya yi kunnen uwar shegu da su, ya nemo waɗanda ke son jamhuriya ya zauna da su. Ran 23 ga Fabrairun 1854 aka sa hannu a Yarjejeniyar Bloemfontein. Ta haramta bauta, ta ba sabuwar gwamnati damar sayen albarushi daga yankunan Birtaniya alhali an toshe wa baƙaƙe wannan hanya, sannan ta yi shiru a kan abu mafi muhimmanci, wato inda iyakar ƙasar da Basotho take. Ingilishi suka naɗe tutarsu suka tafi, suka bar Turawa kimanin dubu goma sha biyar da wannan ƙulli.

Majalisar farko, Volksraad, ta zauna ne a wani dogon ɗaki mai rufin ciyawa da daɓen kashin shanu, wanda aka gina a 1849, ya yi makaranta ya yi coci. Yana nan har yau. Wakilai 29 suka fitar da tsarin mulki a watan Afrilun 1854, suna leƙen na Amurka suna ɗaukar abin da ya yi musu. Za a zaɓi shugaban ƙasa kai tsaye na shekara biyar, kuma yana iya sake tsayawa ba iyaka, amma majalisa ce ke fara ba da shawarar wanda ya dace. Yana iya shiga zauren majalisa ya yi magana, ya kawo ƙudurin doka, amma ba shi da ƙuri'a, ba shi kuma da ikon hawa kujerar naƙi in an zartar da abin da bai so. Ba ya shelar yaƙi ko ƙulla sulhu sai da yardar majalisa. An haɗa shi da 'yar majalisar zartarwa, wadda ta ƙunshi sakataren gwamnati da majistaren Bloemfontein da mutum uku da majalisa ta zaɓa. An ɗora masa yin rangadin garuruwa don jama'a su faɗa masa kukansu baki da baki. Wani abu da ya bambanta su da Transvaal shi ne, ba su yarda a sami babban kwamandan dindindin da zai riƙa gogayya da shugaba ba. Sai yaƙi ya tashi kwamandojin gundumomi ke zaɓen babba a cikinsu, ya kuma karɓi umarni daga shugaban ƙasa. Farkon abin da tsarin ya yanke kuwa shi ne wane ne ɗan ƙasa, amsar kuma ita ce farar fata kaɗai.

Wanda ya fara ɗanɗana kujerar shi ne Josias Hoffman. Gurgu ne, sakataren gwamnatinsa Groenendaal ma gurgu ne, har 'yan bakin tsiya suka riƙa kiranta gwamnatin guragu. Babban abin da ya sa aka zaɓe shi, ya daɗe yana zaune a bakin iyaka, ya san Moshoeshoe, akwai yarda a tsakaninsu. Wannan abota da ta ɗora shi ita ta kayar da shi. Bayan wata ziyara ya aika wa sarkin kyautar 'yar gangar albarushi, bai kuma sanar da majalisa ba. Da maganar ta fito sai gari ya ɗauka. Masu neman tsige shi ba su sami rinjayen da doka ta tanada ba, sai suka hau ganuwar sojan da Ingilishi suka bari, suka juya bakin igwa zuwa gidansa. A Fabrairun 1855 ya yi murabus, bai cika shekara a kai ba. Albarushin da ake magana bai isa a yi yaƙin yini guda da shi ba. Darasin da magadansa suka ɗauka shi ne, masu ƙuri'a za su iya yafe wa shugaba abubuwa da dama, ban da alamar sassauci ga mutanen da ake son ƙasarsu.

Aka ɗauko Jacobus Boshof daga Natal, gogaggen ma'aikacin ofis wanda ya san rajista da haraji da yadda ake rubuta doka. Shi ya fara mai da gwamnatin ta yi kama da gwamnati, amma bai huta ba. A 1857 Marthinus Pretorius, ɗan Andries, ya ƙetaro Vaal da mayaƙa yana cewa ƙasar gadon ubansa ce. Rundunonin Boer biyu suka yi cirko-cirko a gaɓar kogin Renoster, kowa da bindiga a hannu, babu mai son fara harbin ɗan uwansa. Wani matashin kwamanda mai suna Paul Kruger ne ya fito da farar tuta, aka zauna, kowace jamhuriya ta amince da 'yancin 'yar uwarta. Shekara ta zagayo, a 1858, yaƙin farko da Basotho ya ɓarke. Mayaƙan Boshof sun kai har gindin Thaba Bosiu, sai labari ya iske su cewa mahayan Basotho sun zagaya ta bayansu suna kora shanu suna ƙone gidajen gona. Kowa ya ja linzami ya nufi gida, runduna ta watse. Dole Boshof ya roƙi gwamnan Cape, Sir George Grey, ya shiga tsakani. Abin ya kai majalisa ta nuna tana son haɗewa da Cape, amma Landan ta ƙi. Boshof ya gaji, ya ajiye a 1859 ya koma Natal.

Sai ga abin mamaki: mutumin da ya zo da bindiga a 1857, shi aka zaɓa da ƙuri'a. Pretorius ya hau a Fabrairun 1860 alhali yana shugaban Transvaal, da burin ɗinke jamhuriyoyin biyu. Grey ya gargaɗe shi cewa haɗewa na iya rushe yarjejeniyoyin da 'yancinsu ya dogara a kai, majalisar Transvaal kuma ta ce ya zaɓi ɗaya. Ya zaɓi Bloemfontein da baki, amma hankalinsa na arewa, inda rikici ya kai ga harbe-harbe tsakanin Boer. A zamaninsa ne, a 1861, Adam Kok ya sayar da ƙasar Philippolis ya kwashi mutanensa suka haura tsaunukan Drakensberg. A 1863 Pretorius ya yi murabus ya koma gida. Shekara tara, shugabanni uku, babu wanda ya cika wa'adinsa. Wanda ya dubi ƙasar a lokacin ba zai ba ta shekara goma nan gaba ba.

Mutumin da ya sauya wannan hasashe ko ɗan ƙasar ba ne. Johannes Brand lauya ne a Cape Town, ya yi karatu a Leiden ta Holan da kuma Landan, ubansa shi ne kakakin majalisar Cape na farko. Ya sha rantsuwa ran 2 ga Fabrairun 1864 yana da shekara 40, bai sauka ba sai da mutuwa ta sauke shi ran 14 ga Yulin 1888. Sau biyar ana zaɓensa. Ba a ƙara wa kujerar wani iko na a zo a gani a takarda ba, amma a hannunsa ta zama cibiyar komai, domin a zauren da ya cika da manoma shi ne ya san doka, shi ke tsara ƙuduri, shi ke rubuta wa Landan wasiƙa da irin harshen da take ji. Maganar da aka fi saninsa da ita, cewa komai zai daidaita muddin kowa ya yi abin da ke kansa, ta zama karin magana a bakin mutanensa.

Masu yabon Brand sukan yi saurin wuce shekarunsa huɗu na farko, mu kuwa ya kamata mu tsaya a kansu. A 1865 ya shiga yaƙi da Basotho da baitulmali wayam, har sai da aka buga kuɗin takarda masu shuɗin baya waɗanda darajarsu ta yi ta zubewa. A watan Agusta Louw Wepener ya jagoranci hawan Thaba Bosiu, aka harbe shi a bakin mashigar dutsen, dutsen kuma bai ciwu ba. Da bindiga ta gaza sai aka koma ga yunwa: a kwashe shanu, a tattake dawa a gona, a ƙone rumbu. A Afrilun 1866 Moshoeshoe ya sa hannu ya sallama mafi yawan ƙasar nomansa, amma Basotho da kansu sulhun dawa suka kira shi, wato a lallaɓa a samu a girbe amfanin gona. Aka kori mishan na Faransa daga yankin da aka ƙwace, aka yanka garuruwa don tsare shi: Ficksburg, Wepener, da Ladybrand mai sunan mahaifiyar shugaban. Yaƙi ya sake tashi a 1867, kuma a wannan karon Basotho sun kusa durƙushewa. Tsohon sarki ya yi ta aika wa Sarauniya Victoria roƙo, har gwamna Wodehouse ya tsayar da albarushin da ke zuwa wa Boer, sannan ran 12 ga Maris 1868 ya shelanta ƙasar Basotho a ƙarƙashin Birtaniya. Brand ya yi ƙorafi cewa an saɓa yarjejeniyar 1854, amma da aka zauna a Aliwal North a 1869 shi ya tashi da kaso mai tsoka: filayen yamma da kogin Caledon, mafi albarkar ƙasar hatsi a yankin. Iyakar Lesotho ta yau kusan ita ce wadda aka ja a zaman nan.

Da Ingilishi kuwa wani Brand ne daban, mai haƙuri da sanyin baki. An tsinci lu'ulu'u a bakin kogin Orange a 1867, zuwa 1871 kuma dubban mahaƙa sun cika wurin da ya zama Kimberley, a gonakin da Bloemfontein ke ɗauka nata ne, har ta tura majistare. Birtaniya ta tsaya a bayan da'awar shugaban Griqua, Nicolaas Waterboer, ta haɗiye yankin a Oktoban 1871. Masu zafin kai a majalisa suka ce a ɗauki bindiga. Brand ya san bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, sai ya janye ma'aikatansa ya koma ga alƙalami, ya shekara biyar yana tara hujja. A 1876 wata kotun filaye ta Ingilishin kansu ta gano da'awar Waterboer ba ta da tushe a yawancin wurin. Brand ya hau jirgin ruwa zuwa Landan, ya dawo da fam 90,000 daga hannun ministan Birtaniya Lord Carnarvon. In aka gwada da abin da ramukan Kimberley suka fitar, wannan kuɗin goro ne. Amma mu da muka san abin da zinariya ta jawo wa Transvaal daga baya, muna iya cewa asarar ta zame musu kariya. Baƙin haƙa suna can waje da iyaka, ba sa neman ƙuri'a, manoman jamhuriya kuma suna sayar musu da nama da gari da itace, masu amalanke suna cin kuɗin dako. Da kuɗin Landan aka rage bashi, aka kuma sa hannun jari a bankin ƙasa da aka kafa a 1877.

Shekarun da suka biyo baya su ne waɗanda tsofaffin ƙasar suka riƙa tunawa da kewa. Aka kafa babbar kotu, aka ɗauko wani malami ɗan Sikotlan, John Brebner, ya tsara makarantu, aka ja wayar tangaraho, aka gina gadoji. Ingilishi ake ji a kantunan Bloemfontein, Holanci ake rubutawa a majalisa, ba a kuma ɗauki hakan abin faɗa ba. Da Transvaal ta yi wa Birtaniya bore a 1880, Brand ya hana ƙasarsa shiga, bayan Boer sun ci Ingilishi a Majuba kuma ya je ya taimaka aka ƙulla sulhun 1881. Sarauniya ta ba shi lambar girma ta Sir a 1882, ya karɓa, duk da gunagunin masu ganin bai dace shugaban jamhuriya ya rataya lambar sarauta ba. A 1884 ya fake da rikicin gadon sarauta tsakanin Barolong ya haɗiye Thaba Nchu, mutanen da iyayensu suka ba ayarin Boer masauki da shanu lokacin da suke cikin wahala. Wajen ƙarshen rayuwarsa aka gina masa fadar duwatsu wadda ke kan titin da ke ɗauke da sunansa yanzu.

Masanin tsarin mulki ɗan Birtaniya James Bryce, wanda ya ziyarci ƙasar a 1895, ya yaba tsarinta ƙwarai, sunan jamhuriya abar koyi kuma ya bi ta. Akwai gaskiya a ciki. Ba a san gwamnatinta da cin hanci irin na Pretoria ba, kuma babu shugabanta da ya kori alƙalin alƙalai don ya saɓa masa, kamar yadda Kruger, wanda ya zama shugaban Transvaal, ya yi wa Kotzé a 1898. Sai dai ƙidayar 1890 ta nuna Turawa kusan dubu 78 ne, baƙaƙe kuwa kusan dubu 130. Waɗannan masu rinjaye ba su da ƙuri'a, doka ta hana su sayen fili, ba sa motsi sai da takardar fasfo, wadda a nan har mata aka ɗora wa. Indiyawa kuwa an hana su zama gaba ɗaya tun farkon shekarun 1890, dokar da ba a soke ba sai 1986. Shugaban da ke rangadi yana sauraron kukan jama'a a farfajiyar majistare, kukan kashi ɗaya cikin uku da 'yan kai yake ji. Sauran suna riƙe da linzamin dawakin masu magana.

Francis Reitz, alƙalin alƙalai kuma mawaƙi da harshen Afrikaans, ya gaji kujerar a farkon 1889, a duniyar da zinariyar Witwatersrand ta riga ta juya tun 1886. Yanzu jamhuriyar ta zama hanya tsakanin tashoshin jiragen ruwan Cape da Johannesburg. Reitz ya kama igiya biyu lokaci guda: ya shiga haɗin kwastan da Cape, ya bar ta ta shimfiɗa layin dogo wanda ya iso Bloemfontein a 1890 ya kai Johannesburg a 1892, sannan a Potchefstroom ya ƙulla da Kruger alkawarin taimakon juna in an kawo wa ɗaya hari, abin da Brand ya yi ta kaucewa. Kuɗi ya shigo, aka gina sabon zauren majalisa mai ginshiƙai da ƙubba a 1893. Rashin lafiya ta sa ya ajiye a Disambar 1895, makonni kaɗan kafin wani ɗan Birtaniya mai suna Jameson ya kutsa Transvaal da mahayansa.

Harin Jameson shi ya yanke zaɓen 1896 tun kafin a jefa ƙuri'a. John Fraser, shugaban majalisa, yana kan tafarkin Brand na zama lafiya da Cape. Abokin takararsa alƙali ne ɗan shekara 38, Marthinus Steyn, mai faffaɗan gemu, wanda matarsa Tibbie ɗiyar ɗan'uwan Fraser ce, don haka takarar ta shiga har cikin gida. Steyn ya lashe da kusan ninki biyar, ya zama shugaba na farko da aka haifa a cikin ƙasar. A 1897 ya ƙara ɗaure ƙawance da Kruger. Ba mai son yaƙi ba ne. Shi ya kira Kruger da wakilin Birtaniya Milner taron Bloemfontein daga 31 ga Mayu zuwa 5 ga Yunin 1899, ya kuma yi ta tura muƙarrabinsa Abraham Fischer Pretoria yana matsa wa tsohon ya sassauta a kan ƙuri'ar baƙi. Ƙasarsa ba ta da wata rigima da Birtaniya, tana iya naɗe hannu ta tsira da gonakinta. Amma Steyn ya yi imani in aka cinye Transvaal, 'yancin da zai rage musu na suna ne, kuma alkawari kaya ne. Majalisa ta bi shi. Takardar wa'adin da ta buɗe yaƙi ran 11 ga Oktoban 1899 kuwa, Reitz ne ya sa mata hannu, don a lokacin ya zama sakataren gwamnatin Kruger.

Wata biyar kacal fadar ta yi. Janar Cronjé na Boer ya miƙa wuya a Paardeberg da mutum kimanin 4,000 a ƙarshen Fabrairun 1900, ran 13 ga Maris babban kwamandan Birtaniya Lord Roberts ya shiga Bloemfontein, Fraser na cikin waɗanda suka fita suka miƙa masa garin. A Mayu aka shelanta ƙasar ta zama mallakar Birtaniya.  Gwamnati ta koma Kroonstad, ta koma Heilbron, ta koma Bethlehem, daga nan ta koma kan sirdi. A nan ne kujerar da aka hana iko ta kai ƙololuwar ƙarfinta, domin babu majalisar da za ta zauna, babu kotu, babu baitulmali, sai mutum guda da ke bin rundunar Christiaan de Wet yana kwana a ƙasa. Kruger ya tafi Turai a ƙarshen 1900, Steyn ya tsaya. Sau biyu, a tsakiyar 1900 da kuma 1901, shugabannin Transvaal suka karaya suka fara zancen sulhu, sau biyu yana mayar musu da zazzafar amsa cewa ƙasarsa ta shiga wuta ne dominsu. Da wa'adinsa ya ƙare a 1901, a filin daga mayaƙa suka sabunta masa.

Da asubahin 11 ga Yulin 1901 sojojin Janar Broadwood suka faɗa wa wani gari mai suna Reitz, Steyn yana barci a ciki. Suka kama kusan dukkan muƙarrabansa, da takardun gwamnati, da ɗan kuɗin da ya rage. Hadiminsa Ruiter, Bagriqua, shi ya tashe shi, ya kawo masa doki, shugaban ya haye ko kwat bai ɗauka ba ya ɓace. Mutumin da tsarin mulkin 1854 bai lissafa a cikin 'yan ƙasa ba, shi ya ƙara wa shugabancin jamhuriyar wata goma. Farashin waɗannan watanni kuwa ba a kan sirdi aka biya shi ba. Kwamandan Birtaniya Kitchener ya ƙone gonaki ya tara iyalai a sansanonin gwale-gwale, inda Boer kimanin dubu 27 suka mutu a faɗin yankunan yaƙin, galibinsu yara, baƙaƙe kuma aƙalla dubu 14 a nasu sansanonin, ƙila ma sun haura haka nesa. Ko tsayin dakan Steyn jarumta ce ko taurin kai, masana tarihi ba su daina ja-in-ja ba, mu kuma muna ganin duka biyun ne.

Steyn ya iso taron sulhu na Vereeniging a Mayun 1902 jikinsa ya shanye, idonsa na ganin abu biyu-biyu, ko tsayuwa ba ya yi. Bai yarda a sallama 'yanci ba, amma ba shi da ƙarfin hanawa. A kwanakin ƙarshe na watan ya ajiye muƙami ya naɗa De Wet riƙon ƙwarya, aka ɗauke shi zuwa wajen likita. Wakilai 60 suka kaɗa ƙuri'a, 54 suka amince, 6 suka ƙi. Daren 31 ga Mayu De Wet ya sa hannu a Pretoria da sunan shugaban ƙasar da ta daina wanzuwa da wannan sa hannun. Sakin layi na takwas na yarjejeniyar ya ce ba za a taɓa maganar ba baƙaƙe ƙuri'a ba sai bayan Turawa sun karɓi mulkin kansu, kowa kuma ya san ma'anar haka.

Steyn ya samu sauƙi a Turai ya dawo, ya zama mataimakin shugaban taron da ya tsara Tarayyar Afirka ta Kudu ta 1910, ya jagoranci gina hasumiyar tunawa da matan da suka mutu a sansanoni, wadda aka buɗe a 1913, a gindinta kuma aka binne shi a 1916. A wannan shekara ta 1913 ne matan baƙaƙe na Bloemfontein suka yi jerin gwano suka yayyaga takardun fasfon da jamhuriyar ta gadar musu. Sunan muƙamin shugabannin jamhuriyar, wato State President, ya sake dawowa a 1961 da Afirka ta Kudu ta zama jamhuriya, kuma wanda ya fara ɗauka, C.R. Swart, haifaffen gundumar Winburg ne, inda aka haifi Steyn. A 1984 P.W. Botha, shi ma ɗan lardin, ya mai da shi kujera mai cikakken iko irin wanda manoman 1854 suka ƙi ba kowa. A 1994 aka jingine sunan, lardin ya sami firimiyansa na farko, Mosiuoa Lekota, mai magana da Sesotho. A 2020 aka sauke mutum-mutumin Steyn daga harabar Jami'ar Free State aka kai shi gidan tarihin yaƙi. A Maris na 2023 kuma majalisar dokokin Lesotho ta yi muhawara a kan ƙudurin wani ɗan majalisa da ke neman a mayar wa ƙasarsa lardin Free State baki ɗaya, da wasu sassan lardunan da ke maƙwabtaka da shi.